Wace mota ce ta dace da ma'aikacin Abuja? Lissafin da ya kamata a yi kafin a biya dillali

Da misalin ƙarfe bakwai na safiyar kowace ranar aiki, hawan Kugbo da ke kan hanyar Keffi zuwa Abuja kan cika maƙil da motocin ma'aikatan da suka taso daga Masaka da Mararaba da Nyanya da Karu. A sahu ɗaya za a ga tsohuwar Golf da Corolla da Sienna da Highlander, ga kuma Prado mai baƙin gilashi, duk suna tafiyar hawainiya zuwa shataletalen AYA. Lokacin da masu su za su ɓata a hanya kusan ɗaya ne, amma abin da kowannensu zai bari a gidan mai kafin ƙarshen wata ya sha bamban ƙwarai.

A babban birnin tarayya, mota ta wuce abin ado. An tsara garin ne da manyan tituna da unguwanni masu nisa da juna, tsadar haya kuma ta tura galibin ma'aikata zuwa Kubwa da Lugbe da Kuje da Gwagwalada da Bwari, wasu har Suleja ta jihar Neja. An hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, aka kuma fitar da ƙananan bas-bas na haya a 2013. Jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024 bai ratsa yawancin unguwannin da jama'a suke ba. Ga kuma fargabar 'yan fashin da ke ɓad da kama da motocin haya. Don haka ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗaɗensa, ko ya karɓi rancen ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarsa, abin da yake fara tunani shi ne mota. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓe.

Daga Fijo zuwa 'yar Beljiyam

A da can, gwamnati ce ke yi wa babban ma'aikaci wannan zaɓi. Bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen na haɗa nasa a Legas, kamfanin Steyr na haɗa manyan motoci a Bauchi. Fijo 504, daga baya kuma 505, ta zama motar hukuma, kowane bakanike a ƙasar ya san cikinta da bayanta, kayan gyaranta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta durƙusar da waɗannan masana'antu, kasuwa ta koma hannun motocin gwanjo da ake shigo da su daga Turai, waɗanda Hausawa suka laƙaba wa suna 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi, inda aka janye gidaje da motocin hukuma daga hannun mafi yawan jami'ai aka zuba musu kuɗin a cikin albashi. Tun daga lokacin, sayen mota da shayar da ita mai da gyaranta suka koma wuyan ma'aikaci.

Abubuwa biyu da suka faru a 2023 suka sake dagula lissafin. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a dandalin Eagle Square, litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024 kafin ta ɗan sauko. A watan Yunin 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Da yake da dala ake sayo mota, da farashin dala kuma kwastan ke lissafin haraji, kuɗin mota da na kayan gyara suka ninka. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024.

Ba kowace jif ce jif ba

Mai neman mota a wuraren dillalai na Kubwa ko hanyar filin jirgi zai tarar da rukuni biyar ko shida, kowanne da aikin da aka ƙera shi dominsa.

Na farko su ne motocin salun masu ƙofa huɗu da but a baya, irin su Toyota Corolla da Camry, Honda Accord da Civic, Hyundai Elantra da Fijo 406. Su ne suka fi dacewa da kwalta mai kyau, ba su da nauyi, iska ba ta tare su sosai, shi ya sa ba su cika shan mai ba. Rauninsu shi ne kusancin cikinsu da ƙasa. A ƙasa da su akwai ƙananan motoci marasa but na daban, kamar Golf da Yaris da Matrix, masu sauƙin ajiyewa a cunkoson Sakatariyar Tarayya ko kasuwar Wuse.

Sai motocin iyali masu kujera bakwai ko takwas, irin su Sienna da Odyssey da Sharan wadda direbobin tasha ke kira Sharon. Ga magidanci mai 'ya'ya biyar da ke kai su makaranta kullum kuma yake tafiya gida da su lokacin salla, babu kamarsu. Sai dai galibi Sienna injin silinda shida gare ta, kuma wanda zai riƙa shiga ofis shi kaɗai a cikinta yana ƙona man ɗaukar mutum takwas ne.

Rukunin da ya fi rikita masu saye shi ne wanda ake yi wa kuɗin goro da sunan jif. A zahiri iri biyu ne. Akwai Land Cruiser da Prado, waɗanda aka ɗora gangar jikinsu a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa kamar na babbar mota, da giya ta musamman mai juya ƙafa huɗu a yashi ko laka. Akwai kuma RAV4 da CR-V da Highlander da Venza da Lexus RX, waɗanda asalinsu motocin salun ne da aka ɗaga sama aka faɗaɗa. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Sun fi salun tsayi daga ƙasa, suna tsallake ramuka da kwatami, amma ba a yi su don dajin da babu hanya ba. Ƙarshe akwai a-kori-kura irin Hilux, motar aiki da gona da rangadin ayyuka, wadda kujerar bayanta ba ta da daɗin doguwar tafiya.

Lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a ƙarshen 2023 kan manyan jif-jif da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, hujjar da wasunsu suka bayar ita ce lalacewar hanyoyin mazaɓunsu. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, ta nuna tambayar da ya kamata kowa ya fara yi wa kansa: wace hanya motar za ta riƙa bi? Mazaunin Gwarinpa da ke aiki a Maitama ba ya sauka daga kwalta. Mazaunin cikin Lokogoma ko lungunan Lugbe da Dutse Alhaji da Karshi, inda damina ke mayar da titi kogi, yana da dalilin neman mota mai tsayi. Duk da haka tsayi ba ya hana ruwa shiga inji; ambaliyar da ta auka wa rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023 ba ta bambanta salun da jif ba.

Lissafin gidan mai

A ɗauki misalin ma'aikacin da gidansa ke da nisan kilomita 25 daga ofis, kwatankwacin mai tasowa daga Kubwa zuwa Sakatariya. Zuwa da dawowa kilomita 50 ke nan, a kwanakin aiki 22 ya kama kilomita 1,100, ban da kai yara makaranta da cefane da ziyara. Idan motarsa mai silinda huɗu ce da ke shan lita 9 a kowace kilomita 100, zai ƙona lita 99 a wata. Idan jif ce mai silinda shida da ke shan lita 14, zai ƙona lita 154. A farashin naira 900 kowace lita, na farko zai biya naira 89,100, na biyu naira 138,600. Ratar da ke tsakani ta kusa naira 50,000 a wata, wato kusan naira 600,000 a shekara, kuma wannan kafin a zo maganar taya da baƙin mai da shokazoba, waɗanda duk na babbar mota sun fi tsada.

Wannan ne dalilin da ya sa farashin wasu manyan motoci na hannu ya yi sanyi idan aka kwatanta da na Corolla. Mai saye kan yi murnar ya sami katafariyar mota a kuɗin ƙarama, alhali mai ita ya rabu da ita ne don ta fi ƙarfin aljihunsa. Shi ya sa kuma ake ganin ma'aikata da yawa, har da masu manyan matakan albashi, suna tsayawa a Berger ko Area 1 suna ɗaukar fasinja don rage kuɗin mai, wasu kuma sun jingine motocin sai ƙarshen mako.

Cunkoso ma yana da nasa hukunci. Mai bin hanyar Nyanya kullum zai fi samun sauƙi da giyar atomatik, domin taka kulochi na tsawon sa'a guda azaba ce ga ƙafa da kuma kulochin kansa. Amma gyaran giyar atomatik ya fi tsada, kuma sababbin motoci da yawa suna zuwa da nau'in giyar da ake kira CVT, wadda ke da man giya nata na daban. Zuba mata man da ba nata ba na iya kashe ta cikin 'yan watanni.

Iskar gas, haibirid da lantarki

Bayan janye tallafi, gwamnatin tarayya ta kafa shirin shugaban ƙasa na iskar gas ta CNG a 2023, domin mayar da motoci masu amfani da fetur su riƙa aiki da gas. A 2024 ana sayar da ma'auni ɗaya na gas ɗin, wanda ke yin aikin kusan lita ɗaya ta fetur, a naira 230, kuma ko bayan ƙarin da aka yi daga baya bai kai rabin kuɗin fetur ba. Motar da aka juya tana riƙe tankinta na fetur, direba na iya komawa kansa da danna maɓalli. Ga mai doguwar tafiya kullum, kamar mazaunin Gwagwalada, kuɗin juyawar kan dawo cikin lokaci kaɗan.

Sai dai akwai abin dubawa. Tukunyar gas ɗin tana da nauyi kuma tana cinye kaso mai yawa na but, ƙarfin motar kan ɗan ragu a hawa, gidajen sayar da gas ɗin a Abuja ba su wadata ba har layi kan yi tsawo, suna kuma ƙara ƙaranci idan aka nausa arewa, inda ake jiran kammala bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Mafi muhimmanci shi ne tsaro. Ana matse CNG ne da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa, don haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a Benin a watan Oktoban 2024 an danganta ta ne da irin wannan tukunya ta bayan fage. Cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai ya kamata a kai wa mota.

Motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da batir, ba sababbi ba ne a duniya. Toyota ta fito da Prius tun 1997. Amfaninsu ya fi fitowa a cunkoso, domin inji kan mutu da kansa idan an tsaya, birki kuma yana mayar da caji cikin batir. Abin tsoro a ta gwanjo shi ne shekarun batirin, wanda sauya shi ke cin kuɗi mai kauri, don haka sai an gwada lafiyarsa da na'ura kafin ciniki.

Motar lantarki zalla kuwa ta fara samun gindin zama. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Najeriya. Ko a farashin wutar rukunin Band A, wanda ya haura naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, cajin tafiyar kilomita 100 bai kai rabin kuɗin fetur ɗinta ba. Matsalar ita ce tsadar saye, da ƙarancin wuraren caji a hanyar Kaduna ko Lokoja, da kuma ƙarancin masu gyara. Ta fi dacewa da mai gidan kansa, mai tsayayyiyar wuta ko sola, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari.

A tambayi Apo kafin a tambayi dillali

Kowace mota a Abuja, komai tsadarta, wata rana za ta kwana a garejin Apo ko Kugbo, a nemo mata kaya a Gudu ko Zuba. Farin jinin Toyota da Honda ya samo asali ne daga nan: kayan gyaransu sabo da na gwanjo suna ko'ina, masu gyaransu kuma ba sa ƙirguwa. Motocin Jamus irin Mercedes da BMW suna da daɗin tuƙi da kwarjini, amma idan suka tsufa na'urorinsu na lantarki kan buƙaci ƙwararre da kayan asali. Wanda ke zuwa ganin gida a Daura ko Gumel ko Mubi ya kamata ya yi tunanin ko bakaniken garinsu zai iya taɓa motar idan ta tsaya.

Shahara ba ta nufin rashin aibi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, wadda ake kira Muscle, an san wasunta da shan baƙin mai. Accord ta 2003 zuwa 2007, wato End of Discussion da ƙanwarta, ta yi suna wajen cirewar ƙafar gaba idan aka yi sakaci da sauya ƙarafan ƙafa ko aka sa jabu. Sanin irin wannan kafin saye yana ba mutum damar duba wurin da ya dace da kuma rage farashi.

Galibin motocin gwanjo na yanzu daga Amurka da Kanada suke zuwa ta tashoshin ruwan Legas, tun da aka hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu a Janairun 2017. Da yawa an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, aka gyara aka yi fenti. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Da wannan lamba ana iya binciko tarihinta a intanet, a ga ko ta taɓa haɗari da kuma ainihin tafiyar da ta yi, domin mayar da agogon mota baya tsohuwar sana'a ce. A lura kuma cewa agogon motar Amurka da mil yake lissafi, mil 100,000 kuwa ya haura kilomita 160,000. Warin danshi a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙarafan kujera, alamun motar da ta sha ruwa ne, kuma irinta ba ta rabuwa da ciwon lantarki.

Bakaniken da zai duba mota ya zama na mai saye, wanda ba shi da rabo a la'ada. A sa na'urar bincike, a tabbatar fitilar gargaɗi ta inji da ta jakar iska suna kamawa idan an murɗa makulli sannan su mutu bayan an tayar, domin wasu kan cire ƙwan fitilar don ɓoye matsala. A leƙa salansa a ga ko ba a cire matatar hayaƙi ba. A duba alƙaluma huɗu da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar ƙira. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. A kuma guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu.

Takardu da bashi

Araha ba ta ado, musamman a takardun kwastan. Motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma uzurin cewa a hannu aka saya ba ya fitar da ita. A tantance takardun a ofishin kwastan kafin a biya. Idan ta hannu ce, a ga mai ita da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka a hukumar VIO da ke Mabushi. Inshorar dole ta koma naira 15,000 daga naira 5,000 tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun tsananta bincikenta daga Fabrairun 2025.

Ga mai son sabuwa fil, akwai waɗanda ake haɗawa a gida: Innoson a Nnewi, Nord a Legas, da kamfanin Dangote Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 2022. Suna zuwa da garanti, kuma hukumar bayar da lamuni ta CREDICORP da aka kafa a 2024 ta buɗe tsarin rancen sayen motocin gida. Abin tambaya a nan shi ne inda cibiyar gyaransu take a Abuja, da kuma yadda darajarsu za ta kasance ranar sayarwa.

Wannan batu na ranar sayarwa ya fi shafar hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda aikinsu ke ƙarewa da wa'adin maigida, wani lokaci ma kafin nan idan aka yi garambawul. Rancen shekara huɗu a kan muƙamin da ba shi da tabbacin shekara biyu kasada ce. Motar da za a iya mayarwa kuɗi cikin mako guda ta fi musu amfani a kan wadda za ta yi wata shida a gaban dillali. Shi ma ma'aikacin dindindin, da za a riƙa cire masa bashin tun daga tushe, ya kamata ya haɗa abin da za a cire da kuɗin mai da na gyara, ya ga abin da ya rage na haya da makaranta da abinci. Yana da kyau kuma a bar wani kaso na kuɗin a ajiye, domin da wuya motar gwanjo ta yi wata uku ba ta nemi taya ko batir ko gyaran ƙafa ba.

Idan aka tattara, mai zama a kan kwalta da ƙaramin iyali, salun mai silinda huɗu ta ishe shi. Mai lalatacciyar hanya ya nemi ƙaramar jif mai silinda huɗu irin RAV4 ko CR-V. Mai babban iyali ya duba motar kujera bakwai, ya kuma yi tunanin juya ta zuwa gas. Manyan jif-jif masu shasi a bar wa wanda aikinsa ke kai shi daji, ko wanda ofis ke zuba wa mai. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Hausawa; kuɗin da aka miƙa wa dillali rana ɗaya ake biyansa, na gidan mai da na bakanike kuwa kowane wata ne har ranar da aka rabu da motar.